Abin da Injin Gini Ya Fitar: Wanne Za a Ajiye, Wanne Za a Bari Ya Goge?

Duk aikin buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kod ɗinta ke buɗe ga kowa) da ya ɗan yi ƙwari sai ya zo kan wannan gardama. An kafa gini na atomatik a GitHub Actions ko GitLab CI ko Jenkins, ta yadda duk wanda ya turo gyara, wata kwamfuta can nesa za ta ɗauki kod ɗin, ta harhaɗa, ta gwada, ta zubo fayiloli: APK, wato fayil ɗin girka manhaja a Android, ko fayil ɗin girkawa na Windows, ko ƙunshin deb na Linux, ga rahoton gwaji, ga dogon bayanin duk abin da ya gudana. To ina waɗannan za su zauna, kuma har zuwa yaushe? Wani zai ce a tara komai, ba a san ranar buƙata ba. Wani zai ce asarar wuri ce, tunda kod yana nan, duk sanda aka so sai a sake ginawa.

Magana ta biyu ta fi shiga ran masu rubuta kod, domin ta yi kama da hikimar manomi: iri ake kaiwa rumbu, ba a kai tuwo. Sai dai ta dogara ne a kan zaton cewa kod ɗin yau, idan aka sake gina shi nan da shekara 2, zai haifar da abin da ya haifar yau. Yawancin ayyuka ba su kai nan ba, kuma masu su ba sa ganewa sai ranar da suka gwada.

Abin da ke hana sake ginawa

Gini ba kod kaɗai yake ci ba. Yana cin kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, mai wata siga, da laburare, wato guntayen kod na wasu mutane, da ake saukewa daga intanet a lokacin ginin, da tsarin kwamfutar da aka yi aikin a kanta. Kowanne cikinsu yana motsi. Wanda ya rubuta `ubuntu-latest` a fayil ɗin aikinsa na GitHub bai zaɓi wata siga ba. Lakabin ya tashi daga Ubuntu 22.04 ya koma 24.04, kuma a 2025 an janye injinan 20.04 gaba ɗaya. Laburare ma suna ɓacewa. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya cire ƙaramin ƙunshinsa mai suna left-pad daga npm, rumbun ƙunshin JavaScript, gine-gine masu yawan gaske suka tsaya cak a duniya. A 2021 kamfanin JFrog ya rufe Bintray, inda masu manhajar Android da dama ke ɗauko kayansu ta JCenter. Duk tsohon aikin da ke nuni zuwa adireshin da ya mutu, sai an yi masa tiyata kafin ya sake ginuwa, kuma da zarar an taɓa shi ya daina zama ainihin wancan.

Ko da komai yana nan, gini biyu daga kod ɗaya sukan bambanta a matakin bait. Kwamfaila na cusa kwanan wata da lokaci, ko sunan babban fayil ɗin da aka yi aikin a ciki, ko ta jera fayiloli yadda faifan ya miƙo mata su, wanda ba dole ya zama jeri ɗaya kullum ba. Mutanen Debian, wani tsarin Linux, sun fara yaƙi da wannan tun wajen 2013, a ƙoƙarin da ya zama Reproducible Builds. Daga nan aka samu `SOURCE_DATE_EPOCH`, wanda ke sa kayan gini su yi amfani da tsayayyen lokaci maimakon agogon injin, da kuma diffoscope, mai buɗe fayiloli biyu ya nuna daidai inda suka saɓa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma idan Debian da duk ƙwararrunta ta kwashe sama da shekara 10 a kansa, bai kamata ƙungiyar mutum 4 da ke haɗuwa a Barnawa, Kaduna, ranar Asabar ta ɗauka nata ginin yana maimaituwa ba tare da ta taɓa gwadawa ba. Gwajin ba wuya: a gina sau biyu a injina daban, a gudanar da `sha256sum` a kan sakamakon, a kwatanta zanen yatsan da ya bayar, wato lambar da ke canzawa idan ko bait ɗaya na fayil ya canza.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A ƙarshen Maris na 2024 Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a xz, manhajar matse fayiloli, siga 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh tana ɗan jinkiri fiye da yadda ya saba. Wani sashe na muguntar, wato rubutun da ke kunna ta lokacin gini, ba ya cikin ma'ajiyar git, inda ake adana kod da tarihinsa. Yana cikin ƙunshin da aka saki ga jama'a ne. Wanda ya ce zai sake ginawa daga git don ya binciki abin da mutane suka sauke, zai binciki wani abu dabam. Abin da aka miƙa wa mutane shi ne shaida, kuma shaida ba a sake ƙera ta.

Saboda haka ra'ayina a kan siga da aka saki a fili yake: a ajiye ta har abada, bait da bait. Sauran kayan kuwa kowanne da hukuncinsa.

Sigar da aka saki

Tsarin da ya fi aminci shi ne a sa wa kwamit, wato gyaran da aka adana a git, alama, a gina daga wannan alamar a kan inji mai tsabta, a gwada fayil ɗin da ya fito, sannan a saki wannan fayil ɗin da kansa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gwada gini ɗaya, ya wuce, sai a sake danna gini don fitar da "na gaske". Tsakanin ginin biyu wata laburare na iya sabuntawa, sai a saki abin da ba wanda ya gwada.

Tare da fayil ɗin a ajiye abubuwa kaɗan waɗanda nauyinsu bai taka kara ya karya ba: fayil ɗin `SHA256SUMS` mai ɗauke da zanen yatsan kowane fayil, da sa hannu a kansa ta GPG ko Sigstore, fayil ɗin da ya kulle sigogin laburare, irin su `package-lock.json` ko `Cargo.lock`, sigar kwamfaila, da lambar kwamit. Idan a cikin Docker aka yi ginin, a rubuta cikakken zanen yatsan hoton, wato ƙunshin tsarin da aka yi ginin a ciki, mai farawa da `sha256:`, domin lakabi irin `node:20` gobe yana iya nuna wani hoton. A shafin Releases na GitHub kowane fayil na iya kaiwa kusan gigabait 2, kuma ba ya gogewa da kansa. Manyan rumbunan ƙunshi sun riga sun ɗauki wannan matsayi: Maven Central ba ya barin a canza abin da aka wallafa, PyPI ba ya barin a sake amfani da sunan fayil ko da an goge na farko, npm ma ba ya barin a maimaita lambar siga.

Abin da aka fi mantawa shi ne fayilolin fassara kuskure. Manhajar Android da aka matse da R8 tana sauya sunayen azuzuwa da ayyuka zuwa `a.b.c`. Idan ta faɗi a wayar wani mai shago a Kasuwar Barci ya turo hoton kuskuren, ba abin da za a karanta a ciki sai da `mapping.txt` na wannan ginin. Fayil ɗin yana fitowa a ƙarƙashin `app/build/outputs/mapping/release/`, kuma gini na gaba zai rubuta sabo a kansa. Na jiya ba zai fassara kuskuren na yau ba. Haka fayilolin pdb suke a Windows, haka dSYM a wajen Apple. Duk wanda ya ajiye APK ya bar taswirarsa, ya ajiye akwati ya jefar da makulli.

Idan daga baya aka gano rami na tsaro a tsohuwar siga, jarabar goge ta tana da ƙarfi. Gara a bar ta a yi mata alama. PyPI na da hanyar janye siga ta yadda pip, manhajar da ke sauko da ƙunshi daga can, ba zai zaɓe ta da kansa ba, amma wanda ya nemi ainihin lambarta zai samu. Masu bincike suna buƙatarta, haka wanda zai tabbatar ko abin da ke kan sabarsa shi ne mai ramin.

Batun lasisi ma yana nan. Raba ginannen fayil na manhajar da ke ƙarƙashin GPL yana ɗora wa mai rabawa nauyin samar da kod ɗin da ya dace da shi. A GPLv2, wanda ya zaɓi yin alkawari a rubuce maimakon haɗawa da kod, alkawarin sai ya yi aƙalla shekara 3. Mafi sauƙi a ajiye ƙunshin kod kusa da ginannen fayil, a huta.

Kada a zuba su cikin git

Wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara. Git, tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005, an yi shi ne don rubutu. Yana adana tarihi duka, kuma matsattsen fayil irin APK ba ya ragewa idan aka kwatanta shi da na baya. A ce APK ɗin megabait 25 ne, ana sa sabo sau 2 a mako: a shekara an ƙara wa ma'ajiyar kusan gigabait 2.6, kuma duk ɗalibin KASU ko Kaduna Polytechnic da ya zo gyara harafi ɗaya a fassarar Hausa sai ya sauke wannan duka da datarsa. Da yawa za su fasa tun kafin su fara. GitHub na yin gargaɗi a megabait 50, yana ƙin fayil ɗin da ya wuce 100. Goge fayil a kwamit na gaba ba ya rage komai. Sai an sake rubuta tarihi da `git filter-repo`, wanda ke canza lambar kowane kwamit daga nan zuwa gaba, ya rikita duk wanda ke da kwafi. A sa `build/` da `dist/` cikin `.gitignore` tun ranar farko.

Ginin kowane gyara: kwanaki kaɗan sun isa

Yawancin nauyin yana nan ne. Duk buƙatar haɗe gyara tana tayar da gini, wani lokaci sau 5 ko 6 kafin a amince da ita. A ce kowane gini na fitar da APK 4, ɗaya ga kowane nau'in furosesa, megabait 25 kowanne, ana gini 15 a rana. Gigabait 1.5 ke nan kullum. GitHub na ajiye irin waɗannan kwana 90 idan ba a ce masa komai ba, wato gigabait 135 a zaune. Da aka rubuta `retention-days: 7` sai ya dawo 10.5. Ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa ba a cajinta kuɗin wannan wuri, amma ta sirri a tsarin kyauta megabait 500 kawai take da shi, wanda a wannan lissafi gini 5 ya cinye.

Amfanin wannan ginin gajere ne: mai duba gyara ya sauke, ya gwada a wayarsa, ya ce ya yi ko bai yi ba. Da an haɗe gyaran, ya gama aiki. Mako 1 ya wadatar, 2 idan masu dubawa 'yan sa-kai ne da ba sa zama sai ƙarshen mako. A GitLab.com wa'adin asali kwana 30 ne, ana canza shi da `expire_in`, amma akwai tarko: GitLab na riƙe kayan gini na ƙarshe da ya yi nasara a kowane reshe ko da wa'adinsa ya cika. Rassan da aka watsar ba a goge ba su ne ke cika wuri a ɓoye.

Sannan kada a raba wa jama'a adireshin irin wannan fayil a matsayin wurin saukewa. A GitHub sai mutum ya shiga da asusunsa kafin ya sauke, kuma ranar da wa'adi ya cika adireshin ya mutu, a bar mutane a zauren WhatsApp suna tambayar me ya faru.

Haɗarin da ya fi cikar faifai shi ne abin da ke shiga cikin kayan ba da niyya ba. A ma'ajiyar da ke buɗe, duk mai asusun GitHub zai iya sauke su. Mai gaggawa ya rubuta `path: .` a matakin ɗorawa, wato `upload-artifact`, sai duk babban fayil ɗin aikin ya tafi, har da `.git`, inda tsofaffin sigogin `actions/checkout` ke ajiye makullin shiga na wucin gadi, har da fayil ɗin sa hannun Android idan an kwance shi a wurin. A Agusta 2024 masu bincike na Unit 42 a kamfanin Palo Alto Networks sun nuna cewa manyan ayyuka ma sun faɗa wannan rami. Makullin shigar yana mutuwa idan aikin ya ƙare, amma tun daga siga ta 4 ta `upload-artifact` ana iya sauke kaya tun aikin bai ƙare ba, don haka mai sauri zai iya riga shi. Daga baya an sa matakin ya daina ɗaukar ɓoyayyun fayiloli sai an ce masa ya ɗauka. Duk da haka a ambaci ainihin fayil ɗin da ake so da sunansa, a kuma sa `persist-credentials: false` inda ba a buƙatar turawa. Bayanan gudanar aiki ma haka: a Maris 2025 an lalata matakin `tj-actions/changed-files` ya riƙa zubo sirrika cikin bayanan da kowa ke iya karantawa. Idan sirri ya fita, goge fayil ɗin ba magani ba ne. A soke makullin, a yi sabo.

Ginin da ya fito daga gyaran baƙo kuwa, kod ɗin baƙo ne ya samar da shi. Ba a sa masa hannu da makullin gaske, ba a kuma bari wani aiki mai izini ya kwance shi ya gudanar da abin da ke ciki.

Ginin dare, inda gardamar take da daɗi

A nan ne masu cewa a ajiye suke da hujja mafi ƙarfi, kuma a wurinmu ta fi ƙarfi ma. A ce wani ya kawo ƙorafi: harafin ƙ ya daina fitowa daidai a allon rubutu, bara yana yi. Mai kod zai yi `git bisect`, ya riƙa raba tarihi biyu yana ginawa har ya kama kwamit ɗin da ya ɓata. Kwamit 1,000 na buƙatar zagaye wajen 10. Amma kowane zagaye gini ne, kuma tsohon kod, kamar yadda aka gani, ba lallai ya ginu ba. Wanda ya kawo ƙorafin kuma galibi ba shi da Android Studio, ko yana da kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 da Gradle, kayan ginin Android, zai durƙusar, ga wuta da ba ta da tabbas. Idan akwai ginin kowane dare a ajiye, waya kawai yake buƙata. Dare 365 zagaye 9 ne, APK 9, megabait 225. Zai dawo ya ce ranar Talata yana yi, ranar Laraba ya daina, sai mai kod ya duba kwamit 6 maimakon 1,000. Mozilla ta daɗe a kan wannan: tana da rumbun gine-ginen dare na Firefox, da manhaja mai suna mozregression da ke sauke su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar mai gwaji ko matsalar tana nan.

Ba sai an kwaikwayi Mozilla a girma ba. A riƙe na kowane dare tsawon kwana 30, bayan nan na mako-mako har shekara. Fayil wajen 78 ne, ƙasa da gigabait 2 a lissafinmu idan nau'i ɗaya aka ajiye. A tsallake daren da ba a yi kwamit ba. Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata da guntun lambar kwamit, misali `manhaja-2025-03-14-a1b2c3d.apk`, domin fayil mai suna `app-release.apk` da aka tura ta WhatsApp sau 3 ba wanda zai iya cewa daga ina ya fito. Lambar ta bayyana a cikin manhajar ma, a shafin bayani.

Abu biyu suna ba da wahala a Android. Waya ba ta yarda a ɗora siga mai ƙaramar lamba a kan mai babba, don haka mai gwaji sai ya cire kafin ya koma baya, bayanansa su tafi. Kuma ba ta yarda a sabunta manhaja da fayil mai wani sa hannu dabam. Maganin duka biyun shi ne a bai wa ginin dare nasa suna ta `applicationIdSuffix` da nasa makulli, ya zauna gefe da ta gaske ba tare da ya taɓa ta ba.

Wanda ke gudanar da nasa inji

Wasu ƙungiyoyi a nan sun fi son tsohuwar kwamfutar tebur a ofis, da inbata, da Jenkins a kai. Jenkins ba ya goge komai sai an ce masa. Faifai na cika a hankali, kuma idan sararin da ya rage ya gaza gigabait 1 yakan janye injin daga aiki, a wayi gari gini ya tsaya ana neman dalili a cikin kod. A sa `buildDiscarder` da `logRotator`, a ba bayanan aiki wa'adi mai tsawo tunda rubutu ne mara nauyi, a ba fayiloli gajere ta `artifactNumToKeepStr`. Ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi na barin guntun fayil mai cikakken suna. A rubuta da sunan wucin gadi, a duba zanen yatsa, sannan a sauya suna.

Ma'ajin saurin gini, wato inda ake tara laburaren da aka sauke don kada a sake saukewa, ba rumbu ba ne. GitHub na share abin da aka yi kwana 7 ba a taɓa ba. Ginin da ba ya tafiya sai da shi ya riga ya lalace, ba a dai sani ba tukuna. A riƙa gudanar da gini ɗaya a mako ba tare da shi ba don a gani.

Sigogin da aka saki su samu gida na biyu, ko faifan waje ne a hannun wani daga cikin masu kula da aikin. Software Heritage, wadda cibiyar Inria ta Faransa ta buɗe a 2016, tana adana kod na ayyukan da ke buɗe, amma kada a dogara da ita don APK ko `mapping.txt`. Idan an kama wurin ajiya na haya a intanet, a tuna da dala ake biya, kuma galibi katin mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi. Ya gama makaranta, ya tafi bautar ƙasa, katin ya daina aiki, bayan 'yan watanni a rufe asusun da duk abin da ke ciki. Asusun ya zama na ƙungiya, mutum 2 aƙalla su iya shiga, kuma makullin sa hannu ya kasance yana da kwafi a rufe a wani wuri dabam, domin manhajar da ake rabawa kai tsaye ba ta Play Store ba, idan makullinta ya ɓata, duk wanda ya girka ta sai ya cire ya sake girkawa kafin ya samu sabuntawa. Sau ɗaya ko biyu a shekara wani ya sauko da tsohuwar siga daga gida na biyun, ya gudanar da `sha256sum -c SHA256SUMS`, ya ɗora ta a waya ya ga ta buɗe.